Ina son rubutu da ba da umarni da shirya fim: ta ina ya kamata in fara?

Ɗan Malumfashi ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wasan kwaikwayo da fim daga ciki, domin na iso wata mararraba da ba na son in zaɓi hanya a cikinta ni kaɗai.

Shekarata 26, na yi NCE a fannin Hausa, kuma shekara uku ke nan ina koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta a garinmu. Tun ina ɗalibi nake rubuta gajerun wasanni, kuma tun da na kama aiki ni nake shirya wasan da yara suke yi ranar rabon kyaututtuka. Ni ne mai rubutawa, ni ne mai koya wa yara, ni ne kuma mai yawon aron rawani da tabarmi da labule. Bara mun yi wasa a kan rikicin rabon gona tsakanin 'yan uba, kuma da aka tashi sai da wasu dattawa biyu suka tsayar da ni, kowannensu yana tambayar ko labarin gidansu wani ya kawo mini. Tun daga ranar nan zuciyata ta tsaya a kan cewa wannan ce sana'ar da nake son in ƙare rayuwata a cikinta.

Abin da ke hannuna yanzu shi ne labari mai dogon zango a kan wannan rikicin gona, kashi 13, wanda na shafe wata tara ina rubutawa da dare, sai kuma naira dubu 900 da na haɗa daga adashi da kuɗin wani sa da na yi kiwo na sayar da babbar salla. Abokaina suna cewa in yi hayar kyamara, in tara matasan unguwa, in ɗauki labarin da kaina in sa a YouTube, tunda a ganinsu yanzu ba a bukatar kowa. Wani ɗan uwanmu da ke Kano yana cewa in ajiye aikin koyarwa in taho, ya haɗa ni da 'yan fim na Titin Gidan Zoo in fara bin su lokeshan. Ni kuma wani lokaci sai in ji kamar in koma karatu ne, ko a Jos ko a Zariya, in koyi abin daga tushe.

Akwai kuma maganar mahaifina. Bai hana ni ba, amma ya ce mini abu biyu: ba ya son sunan gidansa ya shiga bakin duniya, kuma yana son in gaya masa da me zan ciyar da iyali idan na yi aure. Ban iya ba shi amsa ba. Shin mutum ɗaya zai iya haɗa rubutu da ba da umarni da shiryawa? Idan ba zai yiwu ba, da wanne ya kamata in fara, kuma me zan yi da wannan kuɗin?

Baba Na Fagge ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, na karanta bayaninka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini shi ne dattawan nan biyu da suka tsayar da kai. Wannan shaida ce cewa kana da kunnen sauraron mutane, kuma ita ce kaɗai abin da ba a koyar da shi a lokeshan. Sauran duk ana koya, amma da lokaci.

Abin da kake kira sana'a ɗaya, sana'a uku ce, kuma sau da yawa ma ba sa ga maciji da juna. Marubuci yana son a ɗauki duk abin da ya rubuta. Darakta yana son a ƙara masa yini ɗaya domin ya sake fitowar da ba ta gamsar da shi ba. Furodusa kuwa shi ne wanda yake kwana yana lissafin abincin mutum talatin, da man janareta, da kuɗin mota, da masauki, da sallamar mai gidan da aka ara, da neman izinin mai unguwa, kuma shi ne zai ce wa su biyun ba zai yiwu ba. Idan mutum ɗaya ya riƙe ukun tun bai ƙware a ko ɗaya ba, babu mai ce masa a'a, kuma a nan ne kuɗi suke narkewa. A kaina na gani. A 2003 na sayar da filin da na gada, na rubuta labari, na ba da umarni, na kuma shirya da kaina. Na tsara kwana bakwai, muka yi goma sha biyu, domin duk lokacin da daraktan da ke cikina ya ce a sake, babu wani furodusa a gefe da zai hana shi. Da fim ɗin ya fito, wani ɗan kasuwa ya karɓa a kan zai riƙa biya kaɗan-kaɗan, kuma har yau ban ga rabin kuɗina ba.

Ya kamata ka san yadda kasuwar take a da, domin ka gane inda take yanzu. Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset, har zuwa zamanin faifan CD, hanyar kuɗi a bayyane take. Furodusa zai buga kwalin fim ɗinsa, ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai da Bata da ke Kano, su kuma su kwafi fim ɗin su sa a kwalin su sayar, saboda haka yawan kwalin da ka sayar shi ne cinikinka. Tsarin yana da zalunci a cikinsa, amma aƙalla mutum ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Daga wajen 2015 wannan kasuwa ta durƙushe. Masu tura fina-finai a waya suka cika kowane lungu, fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa suka janye 'yan kallo, kuma mutane suka daina sayen faifai. Abin da ya farfaɗo da masana'antar shi ne fim mai dogon zango, wanda tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta nuna cewa mutane za su zauna su jira shi duk mako, daga baya kuma YouTube ya buɗe wa kowa ƙofa.

To amma abokanka rabin maganar suka gaya maka. Gaskiya ne babu mai hana ka sa fim a YouTube, sai dai kafin a fara raba kuɗin talla da kai a tsarinsu na yau da kullum, sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata goma sha biyu. Ko bayan haka, abin da ake biya ya danganta da ƙasar da mai kallo yake zaune, kuma kallon da aka yi daga Najeriya ko Nijar bai kai na Turai ko Amurka daraja a wurin masu talla ba. Waɗanda kake ganin suna cin riba suna da tashoshin da suka daɗe suna ginawa, suna da fuskokin da jama'a suka sani, kuma suna samun 'yan kasuwa masu ba su talla kai-tsaye a cikin shirin. Dubu 900 ba za ta kai ka ƙarshen kashi 13 ba, kuma babu abin da ya fi kashe sabuwar tasha kamar labarin da ya tsaya a kashi na huɗu.

Ga kuma hukuma. Idan a Kano za ka yi aiki, akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ban da ta ƙasa da ke Abuja. Kada ka ɗauka cewa sa fim a intanet ya fitar da kai daga hurumin tacewa, domin a watan Mayun 2025 hukumar ta Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, har da manya waɗanda kowa ya sani, a kan batun rashin kawo su a duba kafin a sake su. Sanin waɗannan ƙa'idoji, da yin rajista, da hulɗa da MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim, duk aikin furodusa ne, kuma ba a koyonsu a rana ɗaya.

Shawarata ita ce kada ka ajiye aikinka, kuma kada ka taɓa kuɗin nan tukuna. Idan dogon hutu ya zo, ka tafi wurin ɗan uwanka, amma ka roƙi aiki guda ɗaya takamaimai, wato aikin kwantiniti. Mai wannan aiki shi ne yake zaune kusa da darakta da takarda a hannu, yana rubuta kowace fitowa da aka ɗauka, da wadda aka zaɓa, da hular da jarumi ya sa, da hannun da ya riƙe kofi da shi, domin kada a ga saɓani idan an je wurin edita. Babu kujerar da ta fi wannan koyar da ba da umarni, domin a nan za ka ga dalilin da ya sa ake ɗaukar magana ɗaya daga kusurwa uku, da yadda ake tseren rana kafin la'asar ta sauya haske, da yadda darakta nagari yake gyara wa jarumi kuskure a keɓe ba tare da ya kunyata shi a gaban jama'a ba. Da yawa daga cikin daraktocin da na sani daga wannan kujera suka tashi. In ka samu dama, ka bi fim ɗin har ɗakin edita ka zauna, domin a can ne mutum yake ganin abin da ya manta bai ɗauka ba.

Maman Ilham ta amsa:

Ƙanena, Baba ya yi maka bayanin lokeshan, ni kuma zan tsaya a kan rubutu, tunda shi ne abincina shekara tara ke nan, kuma a ganina shi ne ƙofar da ta fi kusa da kai.

Da farko ka sani cewa rubutun dandamali daban, na kyamara daban. A dandamali magana ce take ɗauke da labari, saboda mai kallo yana nesa, ba ya ganin ƙwayar idon ɗan wasa. A fim kuwa, idan uwa ta ajiye kwanon tuwo a gaban ɗan kishiyarta ta juya ba ta ce komai ba, an gama faɗin abin da zai ci shafi guda a dandamali. Mu da muka fito daga rubutun littafi ko na makaranta, cutarmu ɗaya ce, wato yawan bayani, sai ka ga mutum biyu sun zauna a falo suna ba juna labarin abin da ya kamata a nuna. Ka ɗauki kashinka na farko, ka bi shi layi-layi, duk inda wani ya faɗi abin da ido zai iya gani, ka soke maganar ka rubuta aikin. A ƙa'idar da aka saba, shafi ɗaya yana daidai da kusan minti ɗaya a allo, saboda haka ka ƙirga shafukanka ka ga tsawon abin da ka rubuta da gaske.

Sannan ka koyi rubutu da tunanin aljihun furodusa. Kowane sabon gida, kowace fitowar dare, kowane taron biki ko zaman kotu ko ruwan sama da ka rubuta, kuɗi ne. Labarinka na rabon gona yana da wata fa'ida a nan, domin gida ɗaya da gona ɗaya da zauren mai gari za su iya ɗauke mafi yawansa, kuma furodusa mai hankali zai lura da haka tun kafin ya lura da daɗin maganganun.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Kada ka miƙa wa kowa kashi 13 ɗin nan gaba ɗaya. Ka rubuta taƙaitaccen labarin a shafi ɗaya, ka haɗa da bayanin manyan taurarin labarin da kashi na farko, wannan ya isa duk mai niyyar saye ya gane ko yana so. A shekarata ta biyu na ba wani furodusa cikakken labari saboda ya ce zai karanta ya kira ni. Bai kira ba. Bayan kamar wata takwas sai na ga labarina a allo, an sauya sunaye da gari, an sa sunan wani a matsayin marubuci. Na yi kuka sosai, kuma ba ni da takarda ko ɗaya da zan nuna. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare rubutu tun daga lokacin da aka rubuta shi, amma ba ta kare tunanin da ke cikin kai ko wanda aka faɗa da baki a hira, kuma ta ce mallaka wa wani haƙƙin aiki sai a rubuce. Hukumar kula da haƙƙin mallaka ta ƙasa tana karɓar rajistar ayyuka, kuma yin hakan yana ba ka shaidar ranar da aikin yake hannunka. Idan an zo ciniki, a rubuta nawa ne kuɗin kowane kashi, yaushe za a biya, wane suna za a sa a allo, wa yake da ikon sauya labarin, kuma idan an yi zango na biyu mene ne rabonka. Za a ce maka ai duk 'yan uwa ne, takarda ta mece ce. Ka amsa da ladabi cewa addininmu ma ya yi umarni a rubuta bashi, sannan ka miƙa biro.

Ba zan ɓoye maka ba, kuɗin rubutu bai kai wahalarsa ba, kuma har yanzu akwai masu ganin marubuci a matsayin wanda za a sallama da ɗan abin da ya rage. Amma zamanin dogon zango ya ɗaga darajarmu fiye da da, domin shirin da zai fita duk mako ba ya yiwuwa da ƙirƙirar magana a lokeshan, dole sai an zauna an tsara. A wasu shirye-shiryen talabijin marubuta uku ko huɗu ne suke zama su fasa labarin zango guda tare, sannan a raba wa kowa kashinsa, kuma zama irin wannan makaranta ce babba. Rubutu kuma shi ne kaɗai daga cikin ukun da za ka iya yi daga Malumfashi, da albashinka a hannu. Mutane irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da alƙalami aka fara sanin su kafin su shiga shirya fim.

Game da mahaifinka kuwa, kada ka yi jayayya da shi, domin tsoronsa yana da tushe, kuma duk wanda yake cikin harkar nan ya san abubuwan da suka jawo mata baƙin jini. Ka zauna ka karanta masa kashi ɗaya daga labarin gonar nan. Mahaifina sai da ya ji wani wasan rediyo da na rubuta a kan cin dukiyar marayu sannan ya daina kawar da kai idan an ambaci aikina.

Malam Mai Alli ya amsa:

Na yarda da mafi yawan abin da Baba Na Fagge da Maman Ilham suka faɗa, amma ina da ja a wuri ɗaya. Dukansu sun yi magana kamar dandamali wani mataki ne da ake takawa a wuce zuwa fim, ni kuwa da na shafe shekaru ina koyar da wasan kwaikwayo ina ganin shi ne jarin da wannan yaro yake da shi wanda da yawa daga masu riƙe da kyamara ba su da shi.

Malam, ka riga ka yi abin da ya fi wuya a aikin darakta. Ka ɗauki yaran da ba su taɓa wasa ba, ka yi ta maimaitawa da su har suka sa dattawa suka ga kansu a ciki. Babbar matsalar fina-finanmu a yau ita ce rashin maimaitawa kafin ɗauka, inda za ka ga jarumi ya iso lokeshan bai karanta labarin ba, a karanta masa layinsa a tsaye, ya faɗa, a wuce. Waɗanda suka kafa wasan talabijin a Arewa, irin su marigayi Ƙasimu Yero da marigayi Usman Baba Pategi da aka fi sani da Samanja, da ƙungiyoyin da suka cika NTA Kaduna da CTV ta Kano, wadda yanzu ake kira ARTV, ƙarfinsu daga zama tare da maimaitawa ya fito. Ka duba kuma yadda littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi: Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan dandamali, sannan Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Tun kafin wannan ma muna da tashe da wasan gauta da 'yan kama, saboda haka kwaikwayo a gaban jama'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma wannan hujja ce da za ta yi maka amfani a wurin mahaifinka.

Batun karatu kuma, kada ka soke shi daga lissafi. Da NCE ɗinka kana iya neman shiga jami'a kai-tsaye a aji biyu ta hanyar JAMB, idan sakamakonka ya cika sharuɗɗan sashen. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen wasan kwaikwayo tun daga tsakiyar shekarun 1970, da dandalinta da aka gina da jar ƙasa a fasalin gidan Bahaushe, kuma an san ta da fita da ɗalibai zuwa Samaru da Bomo da sauran ƙauyuka su tsara wasa tare da mutanen gari a kan matsalolinsu. Wannan salo ya yi daidai da irin labarin da kake rubutawa. Jami'ar Bayero ma tana da sashen, ga shi kuma a tsakiyar masana'antar take. Idan kyamara da sauti da tace hoto kake so, Jos ce gidansu, domin a can ne Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa take, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya wadda aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a Janairun 2024, a can ne kuma Kwalejin Talabijin ta NTA take.

Zan faɗi gaskiya a kan iyakar abin da nake yabo. Dandamali shi kaɗai ba ya ciyar da gida a Arewa a yau, domin ba mu da al'adar sayen tikiti a shiga kallon wasa duk mako. Waɗanda suka karanta fannin suna samun abinci ne ta koyarwa, da gidajen rediyo da talabijin, da ƙungiyoyin da suke ɗaukar nauyin wasannin wayar da kai a kan rigakafi ko karatun 'ya'ya mata ko zaman lafiya. Takardar shaida ba za ta sa a ba ka fim ka ba da umarni ba, amma ita ake tambaya a waɗannan wurare, kuma ita ce amsar tambayar mahaifinka ta biyu.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Gaisuwa gare ku daga Zinder. Ni ba mai shirya fim ba ne, mai ɗaukar sauti ne a wani gidan rediyo, amma ina son in ƙara abu biyu.

Na farko, ku tuna da mu idan kuna rubutu. A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas ana kallon fina-finan Kano kamar yadda ake kallonsu a Katsina, amma idan jarumi ya cika maganarsa da Ingilishi, iyayenmu mata sai su rasa zaren labarin, domin mu Faransanci aka koya mana a lakwal, da yawa kuma ba su shiga ba sam. Yazi Dogo da ƙungiyarsa sun riƙe Nijar gaba ɗaya ta talabijin da Hausa tsantsa. Ɗan'uwa, tunda Hausa ka karanta, ka riƙe ta da kyau, kada ka ji kunyar Katsinancinka a bakin manoman labarinka.

Na biyu, duk ranar da za ka kashe kuɗi, ka fara da sauti. Mai kallo a waya yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba ya haƙuri da maganar da iska ko ƙarar janareta ta cinye. Idan gajeren fim ɗinka ya yi kyau, ka sa masa fassara a ƙasan allo, domin akwai bukukuwan fim kamar FESPACO da ake yi a Wagadugu duk bayan shekara biyu, inda ɗan Nijar Oumarou Ganda ya ci babbar kyauta a 1972.

Ɗan Malumfashi ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Yaya Maman Ilham, daren jiya na bi kashi na farko kamar yadda kika ce, kuma daga shafi 41 ya dawo 28. Na ga wurare da yawa da na sa mutane suna faɗin abin da ya kamata a gani. Na kuma yanke shawarar ba zan ajiye aiki ba, zan je Kano a dogon hutu in nemi aikin kwantiniti, sannan in sayi fom ɗin shiga jami'a idan an fara sayarwa, kamar yadda Malam ya nuna.

Baba, saura tambaya ɗaya. Ka ce kada in taɓa kuɗin tukuna, amma ina jin tsoron in je Kano hannu rabbana, ba ni da abin da zan nuna in ce ni na yi. Shin laifi ne in cire wani abu kaɗan in ɗauki wasan gonar nan da ɗalibaina kafin hutu?

Baba Na Fagge ya amsa:

Ba laifi ba ne, ɗana, matuƙar ka yanka wa kanka iyaka kafin ka fara. Ka ware abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ba, ka damƙa shi a hannun wani malami abokin aikinka wanda ba ya jin nauyinka, ka ce shi ne furodusa, kuma idan ya ce kuɗi sun ƙare, sun ƙare. Kada ka ɗauki wasan duka. Ka zaɓi fitowa ɗaya mai ƙarfi, wadda ba za ta wuce minti takwas ba, a gida ɗaya, da rana, da mutum uku ko huɗu. Waya mai kyau ta isa, amma ka bi maganar mutumin Damagaram ka yi hayar makirufo. Tunda yara ne, ka nemi izinin shugaban makaranta da na iyayensu a rubuce kafin ka kunna komai, kuma kada ka sa shi a intanet sai sun gani sun yarda. Matsayin dattawa kuwa ka ba manya, kada ka manna wa yaro gemun auduga a gaban kyamara, domin abin da dandamali yake yafewa kyamara ba ta yafe shi.

Ka yi maimaitawa mako biyu, ka ɗauka a yini ɗaya, ka zauna da mai tacewa har a gama. Idan ka shigo Kano ka zo da shi a wayarka tare da shafi 28 ɗin nan, ka sanar da ni tun ana saura mako guda, domin akwai wani aiki da muke sa ran fitarsa a watan Agusta, kuma zan yi wa daraktan magana a ba ka takardar kwantiniti ka riƙe.